Ina Ka Baro Karenka?

Duk wanda ya taɓa neman aiki a gonar kiwo ta Mirrabool ya san halin Noelene Tranter. Za ka wanke rigarka, ka aske gemu, ka tuƙo mota rabin yini a kan jar ƙasa kana bitar amsoshinka, ka iso ta zaunar da kai a baranda ta ba ka shayi, sannan ta jefo maka tambayar da ko a mafarki ba ka zata ba. Ta taɓa tambayar wani mai neman aikin girki yadda yake yi da tukunya in ta kama. Wani mai gyaran shinge kuwa cewa ta yi ya gaya mata yaushe rabonsa da kuka. A mashayar garin Quilpie ana ta yi da ita, wai tun da mijinta Athol ya mutu kan tsohuwar ya ɗan taɓu. Ƙarya suke yi. Kanta ƙalau yake, kuma da yawansu sun san haka.

Ɗanta Brodie shi wannan ɗabi'a ta fi ƙona wa rai. Ƙato ne da ya doshi arba'in, fuska duk ƙunar rana, amma da uwarsa ta buɗe baki gaban baƙo sai ka ga yana neman inda zai sa idonsa. Ranar da abin nan ya faru, tun da sassafe ya same ta a kicin ya roƙe ta. Ya ce don Allah yau kam ta bar shi ya yi maganar, ita ta kawo shayi ta zauna kawai. Mai zagayen rijiyoyinsu ya ajiye aiki ya koma bakin teku, an yi cigiyar wani har an gaji, mutum ɗaya rak ya kira. In wannan ma ya juya, to sai dai su zauna su kalli shanu suna faɗuwa.

Da gaskiyarsa kuwa. A ƙasarmu, a shekarar fari, saniya ba ta da wani ruwa sai na burtsatse, rijiyoyin Mirrabool kuma a warwatse suke, tsakanin wata da wata tafiya ce mai nisa. Dole a samu mutumin da zai riƙa fita da asuba shi kaɗai cikin a-kori-kura, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya duba inji, ya leƙa tanki, ya wanke kwami. Inji ya tsaya a zafin Disamba, wanda a nan shi ne tsakiyar bazara, ba wanda ya gani, sai dai hankaki su ba ka labari. Brodie ba shi da sarari, wuni yake a kan katafila yana kayar da bishiyoyin mulga don shanu su samu ganyen ci. Noelene kuma idonta ya raunana, likita ya hana ta tuƙi mai nisa.

Ta ce masa ta ji. Ba ta dai ce ta yarda ba.

Wajen hantsi baƙon ya iso. Des Kilgour sunansa, dogo ne siriri, ya kusa sittin, riga a goge, malafa a hannu. Ya yi tasa gonar a wajen Cunnamulla kafin fari ya cinye garkensa, gonar ta fita daga hannunsa. Motarsa tsohuwar a-kori-kura ce fara, wankakkiya tas. Wannan shi ya fara tsaya wa Noelene a rai. Wa ke wanke mota a shekarar da mutane ke tara ruwan wanka suna ba itatuwa?

Ta fito tarbarsa, ta bi ta bayan motar. Akwai sarƙar kare ɗaure a jikin ƙarfe, an naɗe ta tsaf. Akwai kwanon ruwa da aka ɗaure da waya don kada ya faɗi, a wanke, a kife. Gefen motar kuma fenti ya goge har ƙarfe ya fito, daidai inda kare ke dafawa yana leƙen hanya shekara da shekaru. Kare ne dai babu. A bayan kujera ta hango bindiga cikin jakarta, wanda ba wani abu ba ne, kowa a nan yana da ita. Amma sai ta sake juyawa ta kalli sarƙar nan da ba kare.

A wajenmu makiyayi yana iya sayar da dokinsa, ya sayar da babur, har zoben aurensa in tura ta kai bango. Kare kuwa ba ka rabuwa da shi sai ɗayanku ya mutu. Athol yana da nasa, Nugget, wanda ko banɗaki ya shiga sai ya kwanta a ƙofa. A farin da ya gabata, wata ranar Lahadi, ya ɗauki karen ya kai wa maƙwabcinsu, wai ya fi dacewa da tumaki. Noelene ta yi mamaki, har ta tsokane shi ta ce ashe tsohon ya fara hankali, yanzu ita ma za ta samu wurin zama a gaban mota. Sati bai zagayo ba ya ce wa ma'aikacinsu ya huta, shi zai yi zagayen da kansa. A rijiya mafi nisa, wadda suke kira Rijiyar Gishiri, aka same shi. Aka ce hatsari ne, bindiga ce ta tashi yana tsallake shinge. Kowa ya ce hatsari. Brodie, wanda lokacin yana aikin haƙar ma'adinai a arewa, hatsari aka gaya masa, shi ya riƙe har yau. Bayan jana'iza maƙwabcin ya dawo da karen, ya ɗaure shi, ya tafi bai iya haɗa ido da ita ba.

Nugget yana nan har yanzu a bayan rumfar injuna, ya tsufa, ido ɗaya ya mutu. Noelene tana tura masa kwano da ƙafa ba ta kallonsa. Ba tsanarsa ta yi ba. In ta kalle shi, tsokanar nan da ta yi ce ke dawo mata a kunne.

Suka zauna a baranda, ƙudaje sun yi dafifi a ragar ƙofa. Ta kawo shayi da biskit ɗin da ta gasa, ta ja kujerarta gefe kamar yadda aka roƙe ta. Brodie ya ciro waya yana karanto tambayoyin da ya samo a intanet. Ya tambaye shi tsawon zamansa a harkar shanu, Des ya ce a cikinta aka haife shi. Inji in ya shaƙi iska fa? Ya faɗi yadda ake yi. In maciji ya sare shi? Ya faɗa. In mota ta mutu a tsakar daji? Ya ce ba a barin mota ko me za a yi, inuwarta ake shiga a jira. Da aka zo kan abin da yake da rauni a kai ya ɗan murmusa ya ce shi bai iya surutu ba. Brodie ya yi dariya ya ce ai wannan a nan ado ne, don gidan nan mutum ɗaya ce ta riƙe wa kowa surutunsa. Ya tambaye shi kaɗaici, Des ya ce shi ya fi so.

Kowace amsa daidai, sumul, kamar an bi ta da dutsen guga tare da rigar. Noelene kuwa abin da bai faɗa ba take saurare. Bai tambayi albashi ba. Bai ce a nuna masa ɗakin kwana ba, alhali duk wanda ya zo abin da yake fara tambaya ke nan, ko akwai na'urar sanyi a ciki. Bai tambayi ranar hutu ba, bai tambayi ranar da jirgin wasiƙu ke sauka ba. Abu ɗaya ya so ya sani: wace rijiya ce ta fi nisa, kuma oba-oba tana kamawa a can? Brodie ya ce Rijiyar Gishiri, kuma ba ta kamawa sai mutum ya hau tudu. Des ya gyaɗa kai.

Brodie har ya fara gyara zama zai miƙa hannu. Ya ce to madalla, in rana ta ɗan yi sanyi sai su fita tare ya nuna masa hanya, su fara da ta Gishirin, don ita ta fi daɗewa ba a leƙa ba. Daga gobe kuma sai ya riƙa fita shi kaɗai.

"Des," in ji Noelene, "ina ka baro karenka?"

Brodie ya rufe ido ya sauke numfashi. "Haba, Mama."

Des kuwa kofin da ya ɗauko ne ya tsaya masa a hanya, bai kai baki ba, bai koma faranti ba. Abin da masu dariya a mashaya ba su taɓa ganewa ba ke nan. Tambayar da mutum ya san za a yi masa, tun a hanya ya ɗinka mata amsa, ya gwada ta, ya rage tsawo. Wadda bai zata ba ita ke samunsa yadda yake. Sai da ya ajiye kofin, shayin ya ɗan zube, sannan ya ce ya ba wani abokinsa a Charleville.

Ta tambayi sunan karen. Ya ce Pip. Tun yaushe suke tare? Tun yana ɗan kwikwiyo, a cikin malafar nan ya kawo shi gida. Abokin fa, wane ne, don ta san kusan kowa a Charleville? Ya ce Kev. Ta ce Kev wane? Des ya kalli fili, ya kalli hannunsa.

Ta ce ba komai, ga waya can a ciki, ya kira Kev ɗin ya ce a dawo da kare. Abincinsa a wuyan gida, man motar ɗauko shi ma haka. Ita dai ba ta tura mutum daji ba kare. Brodie ya ce wannan kuma wace sabuwar doka ce, mai zagayen da ya tafi ai ko kyanwa ba shi da ita kuma ba ta ce uffan ba.

"Wancan bai taɓa yin kare ba," ta ce. "Wannan da sarƙa ya zo."

Des ya miƙe a hankali. Mutum ne mai ladabi. Ya gode da shayi, ya yaba biskit, ya ce ya ga alama bai dace da aikin ba, su yi haƙuri ya ɓata musu lokaci. Ya sa malafarsa ya fara sauka daga baranda. Brodie ya sunkuyo wajen kunnenta yana magana ta haƙori, ya ce ta gani ko, ta gani ko, hankalinta ya kwanta yanzu, in shanun nan suka mutu ita ta kashe su.

Ba ta ji haushinsa ba, ba ta ma da lokacin jin haushi. Ta san in motar nan ta fita ƙofar gonar, tsakanin nan da kwalta daji ne iya ganin ido, mutumin ba ya buƙatar rijiyarsu kafin ya yi abin da ya zo yi. Abu ɗaya ya rage mata da zai tsayar da shi, shi ne kuwa abin da ta shekara da shekaru tana ɓoye wa yaron da ke tsaye kusa da ita. Ta kalli Brodie sau ɗaya. Tausayinsa ya kama ta, ta kuma san bayan yau ba lalle ya yafe mata ba.

"Mijina ma motarsa ya wanke," ta ce a bayan Des. "Ya kai karensa gidan maƙwabci. Ya gyara mini ƙofar kicin da na shekara ina mita a kanta. Ni kuma wawuya ina ta murna, na ce mutumin ya samu sauƙi. A rijiyar nan da ka tambaya aka same shi. An ce bindiga ce ta tashi yana tsallake shinge. Babu shinge a Rijiyar Gishiri, Des. Ba a taɓa yi ba."

Des ya tsaya.

"Mama," in ji Brodie, da wata ƙaramar murya da rabon da ta ji ta tun yana ɗan makaranta, "me kike cewa?"

Ba ta juya ba. Ta san ya je rijiyar nan ba adadi, ya san babu shinge, bai dai taɓa barin zuciyarsa ta haɗa biyun wuri ɗaya ba. Yanzu ta haɗa masa.

Des ya daɗe a tsaye cikin rana, sannan ya zauna a matakala ya cire malafar ya riƙe ta a gwiwa. Da ya fara magana bai ɗago ba. Ya ce babu wani Kev. Ya yi yawo da karen gida-gida, ba wanda ya karɓa, ya tsufa kuma ba ya jin maganar kowa sai tasa. Yau da asuba, a hanyar zuwa, ya tsaya a wani busasshen rafi. Ya ba shi naman da ya rage, sannan ya harbe shi. Ya binne shi a gindin wata bishiya, ya jera duwatsu a kai saboda karnukan daji.

"Ban so in bar shi ɗaure a mota cikin wannan ranar ba," ya ce. "Ban san kwana nawa za a yi kafin wani ya zo ba."

Noelene ta tambaye shi to me ya sa sai a gonarsu, ga daji ko'ina. Ya ce yana da 'ya a Toowoomba, malamar makaranta ce, tana da ciki. In mutum ya mutu a bakin aiki, a daji, da bindiga a mota, an san abin da ake faɗa. Yana so a ce mata hatsari ne.

Wallahi nan ne fushi ya zo mata, irin wanda ta daɗe tana haɗiyewa. Ta sauko matakalar da ƙyar saboda gwiwa, ta tsaya a kansa.

"Ka ga wannan ƙaton? Shi ma hatsari aka ce masa. Ni na ɗauki gaskiyar ni kaɗai, ina kwana da ita ina tashi da ita. Dole wani ya ɗauka, bawan Allah, ba ta ɓacewa. Kuma wa kake zaton zai fita nemanka in ba ka dawo ba? Ɗana. A inda aka tsinci ubansa. Aikin nan ba zan ba ka ba, ko shanun za su ƙare. Ba ni makullin motarka."

Ya ce, da ladabinsa, Madam ba ta da ikon riƙe shi. Ta ce ta sani ba ta da shi, roƙonsa take yi. Ta miƙa hannu ta bar shi a miƙe. Hannun tsohuwa ne, ya gaji, ba ta sauke ba. Can Des ya laluba aljihu ya sa mata makullin a tafi, sai kuma kuka ya ƙwace masa, irin na mazan da ba su saba ba, mai fita da ƙyar kamar tari.

Brodie ne ya je ya ɗauko bindigar daga bayan kujera, ba wanda ya sa shi. Ya kai ta akwatin ƙarfe na cikin ofis ya kulle, ya dawo ya ajiye makullin a gaban uwarsa bai kalle ta ba. Ita ta kira likitocin da ke zuwa mana da jirgin sama. Wata ma'aikaciyar jinya ta daɗe tana magana da Des a waya, daga ƙarshe ta gaya wa Noelene likita zai sauka da jirgin ƙarshen mako, kafin nan kada a bar mutumin shi kaɗai, kada kuma a bar ta ita kaɗai da shi yau. Haka fitar yamma ta sha ruwa. Ba wanda ya je Rijiyar Gishiri ran nan.

Da rana ta yi sanyi Noelene ta ja Des zuwa bayan rumfar injuna. Nugget ya ɗago kai, ya juyo da idon da ke gani. Karo na farko cikin shekaru ta tsaya ta kalle shi sosai, ta ga yadda ya rame, kaska a kunnuwa, gashi ya cuɗe. Kunya ta kama ta. Ta kwance sarƙar ta damƙa wa Des. Ta ce wannan karen mijinta ne, ita ba ta iya kula da shi, kullum tana kasawa. Yana cin abinci safe da yamma, sai an jiƙa masa don haƙoransa sun zube. Aikin da take da shi ke nan, sai kuma tulin injunan da suka lalace a rumfa. Des ya ce shi bai cancanci a ba shi kare ba bayan abin da ya yi da safe. Ta ce ita ma ba ta cancanta ba, kare kuwa ba ya tambaya. Ya durƙusa, karen ya shinshina hannunsa ya daɗe, wataƙila warin ɗaya karen yake ji.

Brodie bai ci abincin yamma ba. Ya zauna gaban faranti har naman ya sandare. Da ta zo ɗauka ya tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun ranar da aka dawo da karen. Ya ce da ta gaya masa. Ta ce gaskiya ne, da ta gaya masa. Ya tashi ya fita, ta ji ƙofar kicin ɗin da Athol ya gyara ta rufu a hankali.

Washegari da asuba ta ji motsi a tsakar gida. Brodie ne ke loda jarkokin ruwa da kayan gyara a tasu motar. Dole wani ya je, katafila sai ta jira. Ya shigo ya ɗauki tasa bindigar, wanda shi ma dole ne, saniyar da ta faɗi ba ta iya tashi ba a barinta ga hankaki su fara da idonta tana raye. Bai ce mata kwana lafiya ba. Ta bi shi baranda da rigar barci, ta ga ya shiga mota ya tayar. Karensa Scrap yana kwance ƙarƙashin tanki, bai kira shi ba.

Ta kalli motar, ta kalli karen da aka bari, tsoro ya kama ta. Tsoro ne zalla, wanda ya fi na jiya. Motar ta fara tafiya, ta kai wajen rumfa, sai fitilar birki ta kama. Ta ga idonsa a madubi yana kallonta, sannan ya bi inda take kallo. Ya yi fito. Scrap ya taso a guje ya yi tsalle bayan mota, ya dafa gefe.

"Ga shi nan, Mama," ya ce ta taga. "Kin gani?"

Ta ce ta gani.

Wunin nan ba ta iya tuna abin da ta yi. Ta dai san ta ga Des a inuwar rumfa yana cire wa Nugget kaska ɗaya-ɗaya yana jefawa a gwangwanin kananzir. Da rana ya shigo ya roƙi aron waya, ya shiga ofis ya rufe ƙofa, ta ji yana ce wa 'yarsa shi ne, Baba ne, a'a, ba lafiya ba. Ta matsa daga wajen don kada ta ji sauran. Oba-oba tana kan teburin kicin, tana ta shuu, ba murya. Ta san ba ta kamawa a Gishiri sai an hau tudu, ta kuma san Brodie ba zai hau ba in aiki ya sha kansa. Sanin bai rage mata komai ba.

Rana ta kusa faɗuwa ta hango ƙura a hanyar arewa. Ta sauko har bakin shingen gida. Idonta ba ya gani da nisa, sai da motar ta matso sosai. Ba gaban motar ta kalla ba, baya ta kalla. Scrap yana tsaye ya dafa gefe, harshe a waje.

Brodie ya fito rigarsa ta manne da gumi da jar ƙasa, warin mushe na binsa. Ya ce injin Gishiri ya mutu, tanki ya ƙafe ƙaf, shanu sun taru a kan busasshen kwami suna hawa juna. Ya gyara, ruwa ya dawo, amma rabin garken can ya tafi, wasu da hannunsa ya ƙarasa su. Da yawansu ba su daɗe da faɗuwa ba.

"Da jiya aka je," ya ce, bai ƙarasa ba.

Ta ce ta sani.

Ya kalli wajen rumfa, inda Des ke zaune a kan tsohuwar taya yana jiƙa wa Nugget abinci a kwano. Ya daɗe yana kallo. Ya ce ya zagaya rijiyar da ƙafa, ya zagaya ya sake zagayawa, yana neman ko da guntun turken shinge ne. Sannan ya ce ya zauna a gindin tankin ya daɗe, ya fi yadda ya kamata, sai da karen ya dame shi da haushi ya tashi.

Ya buɗe ƙofar mota ya ciro bindigar, ya zare harsasan, ya miƙa mata duka.

"Ki haɗa da ta Des ki kulle," ya ce. "Makullin ya zauna a wajenki. Kar ki gaya mini inda kika sa."

Ta karɓa. Ƙarfen da sauran zafin rana a jikinsa. Tambayoyi sun cika mata baki, ita da ba ta taɓa rasa abin tambaya ba, amma ba ta yi ko ɗaya ba, ya riga ya amsa. Ta shiga ofis ta kulle akwatin, ta zura makullin a igiya ta rataya a wuyanta ta cikin riga. Sannan ta koma kicin ta jera faranti uku, ta leƙa ta taga ta ce musu su wanke hannu, abinci ya sauka.